Bakin Barkono

Da asuba na fara jin warin.
Ya zo ya ɗora haɓa a gwiwata kamar kullum,
ya yi hamma,
sai ka ce an buɗe kwatar Kakuri bayan ruwan Agusta.
Na ce, Barkono, me ka ci?
Ya kaɗa wutsiya.

Shekara tara muna gadin sito ɗaya
a bayan masaƙar da ta daina numfashi,
inda na taɓa tsayawa gaban injin zare
ina saurayi, haƙorana talatin da biyu cif.
Yanzu mu biyu ne da kwaɗo da sarƙa,
ni da tocila, shi da hanci.

Sai ga shi ya bar ƙashi a kwano.
Kare ya bar ƙashi!
Tuwo ma da gefe guda yake tauna,
yana karkata kai kamar mai sauraren gulma.

Likita Kuyet, can wajen Makera,
ta ɗage leɓensa da babban yatsa.
Ta ce, Baba, duba.
Dasashi ja wur, ya kumbura,
dauɗa ta daskare a gindin fiƙa
kamar ƙanzon tukunyar da aka manta a murhu.
Ta sa shi barci, ta kankare,
ta cire turmi ɗaya da ya riga ya mutu a tsaye.
Kuɗin goron wata biyu na bari a teburinta.

Ta ce, kada ka sa masa man goge bakinku,
shi ba ya tofarwa, haɗiyewa yake.
Ƙashin kaza dafaffe kuma, a kai bola.
Ka fara da tsumma a yatsa,
a hankali, kamar mai lallashin jika.

Ran farko ya ƙwace tsumman ya gudu da shi.
Rana ta uku ya tauna buroshin,
ya miƙo mini kotar.
Sai a mako na biyu ya zauna,
ido a rufe, kunne a kwance,
yana gurnani ƙasa-ƙasa don kada a ce ya yarda.
Daga nan na bi bayan kunne in cire kaska,
in duba tsakanin yatsu,
in wanke kwanon ruwa kafin gansakuka ta kama.
Asabar wanka, idan famfo ya ga dama.

Malam Hudu mai shayi ya leƙo ta katanga:
Kai da kake sahun gaba,
hannunka cikin bakin kare?
Na ce, ƙasa ba ta ƙare a Kakuri ba, Malam,
ruwa ma akwai a randa.
Sau bakwai nake wankewa, ɗaya da ƙasa,
rigar aikin tana rataye a ƙusarta daban.
Yawu yana fita.
Amma daren da ɓarayin ƙarfe suka hauro su huɗu,
wannan bakin ne ya tsaya tsakanina da adda.
Da wane ruwa zan wanke wannan bashin?
Bai ce komai ba. Ya ƙara mini sukari.

Kubura ce ta fi cin dariyata.
Ta ce, ga mai gyaran haƙorin kare,
nasa sun yi ja da goro, huɗu sun yi ƙaura,
sauran suna haɗa kaya.
Da zan fita na ji abu a aljihu:
asuwaki ne, sabo, har ta fere kan.

Jiya wajen ƙarfe uku, an ɗauke wuta,
jirgin ƙasa ya yi kuka can nesa.
Ina zaune kan benci ina ta taunar icen nan mai ɗaci,
ya zo ya ɗora haɓa a gwiwata,
ya yi hamma har kunne.
Na sunkuya, na shaƙa.
Warin kare ne kawai.